Margaret McMillan

Margaret McMillan (an haife ta ranar 20 ga watan Yuli, 1860, ta rasu a watan Maris, 1931) malama ce, marubuciya kuma 'yar siyasa a Birtaniya. An fi saninta da gwagwarmayar da ta yi domin gwamnati ta ɗauki nauyin lafiya da ciyarwa da karatun 'ya'yan talakawa tun kafin su kai shekarun shiga firamare. Ita da yayarta Rachel McMillan ne suka buɗe makarantar renon yara ta sararin Allah a unguwar Deptford da ke kudu maso gabashin Landan a shekarar 1914. Ra'ayinta shi ne yaron da ke fama da yunwa da ciwo da dauɗa ba zai ɗauki karatu ba, don haka reno ya kamata ya riga koyarwa, kuma hukuma ce ya kamata ta biya kuɗinsa. Aikinta na cikin abubuwan da suka sa dokar ilimi ta 1918 ta ba ƙananan hukumomin Ingila izinin kashe kuɗin jama'a a kan makarantun nazare.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Margaret a yankin Westchester na jihar New York a Amurka. Iyayenta, James McMillan da Jean Cameron, mutanen Inverness ne da ke arewacin Scotland, waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka. Yayarta Rachel ta girme ta da shekara ɗaya da 'yan watanni. A shekarar 1865 mahaifinsu ya rasu, haka ma ƙanwarsu Elizabeth. Margaret kuma ta kamu da wani zazzaɓi mai tsanani da ke fesar da jajayen ƙuraje a jiki. Ta warke, amma ciwon ya taɓa mata kunne, jinta bai dawo sosai ba sai da ta kai shekara 14.

Bayan rasuwar mijinta, mahaifiyar ta kwaso 'ya'yanta biyu suka koma Inverness, suka zauna a gidan kakanninsu. A can suka yi makaranta. Mahaifiyar ta rasu a 1877. Rachel ta zauna tana jinyar kakarsu, ita kuwa Margaret ta tafi ƙaro ilimi a Frankfurt ta ƙasar Jamus, daga baya kuma a Geneva da Lausanne na Switzerland, inda ta karanci harsuna da kiɗa. Da ta dawo sai ta kama aikin malamar gida, wato mai koyar da 'ya'yan masu hali a cikin gidajen iyayensu.

Shiga siyasa

A shekarar 1887 Rachel ta kai ziyara Edinburgh, inda ta haɗu da masu ra'ayin gurguzu irin na Kirista, masu ganin cewa addini ya wajabta a raba arzikin ƙasa bisa adalci. Ta karɓi wannan ra'ayi, ta kuma jawo ƙanwarta cikinsa. Bayan rasuwar kakarsu a 1888, 'yan'uwan biyu sun haɗu a Landan, suna aiki a masaukin 'yan mata ma'aikata, suna kuma halartar tarukan siyasa. Sun goyi bayan babban yajin aikin 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan a 1889.

Na ɗan lokaci Margaret ta zauna a gidan wata attajira mai suna Lady Meux a matsayin abokiyar zama. Matar ta biya mata kuɗin koyon wasan kwaikwayo. Ba ta zama 'yar wasa ba, amma horon ya amfane ta, domin ta fito da murya da iya tsayuwa a gaban jama'a, abin da ya sa daga baya ta yi suna wajen jawabi a tarukan ma'aikata. Siyasa ce ta raba su da Lady Meux. Margaret ta ci gaba da rubutu a jaridun ma'aikata, ciki har da Clarion, ta kuma shiga ƙungiyar Fabian.

Shekarun Bradford

A farkon shekarun 1890 ta koma Bradford, birnin masaƙun ulu a arewacin Ingila. A wannan birni aka kafa Jam'iyyar Ma'aikata Mai Zaman Kanta, wato ILP, a watan Janairun 1893, kuma Margaret na cikin mambobinta na farko. A 1894 aka zaɓe ta a hukumar makarantun birnin ƙarƙashin tutar jam'iyyar. Dokar ilimi ta 1870 ce ta kafa irin waɗannan hukumomi, kuma suna cikin 'yan wuraren da mace ke iya tsayawa takara a wancan zamani. Ta yi shekara takwas a kujerar.

Tun 1880 aka wajabta wa yara zuwa makaranta, a 1891 kuma karatun firamare ya zama kyauta ga mafi yawansu. Sai dai abin da Margaret ta gani a azuzuwa ya nuna mata cewa buɗe ƙofar makaranta kaɗai bai wadatar ba. Yara da yawa na zuwa ba su karya kumallo ba. Wasu na fama da ƙwarƙwata da makero da ciwon ido da ruɓewar haƙori, wasu kuma ƙafafunsu sun lanƙwashe saboda laushin ƙashi da rashin abinci mai gina jiki da rashin hasken rana ke kawowa. Akwai kuma tsarin rabin yini, wanda ya ba yara 'yan shekara 11 ko 12 damar yin rabin yini a masaƙa, rabi a makaranta. Irin waɗannan yara kan shigo aji a gajiye, su yi ta gyangyaɗi.

Ta haɗa kai da likitan makarantun Bradford, Dakta James Kerr, suka duba lafiyar 'yan firamare, aikin da ake lissafa shi cikin na farko irinsa a Birtaniya. Ta matsa wa hukuma lamba a gina wuraren wanka a makarantu, a gyara tagogi domin iska ta shiga, a kuma ciyar da yara. Ta yi adawa da tsarin rabin yini a fili, ko da yake hakan ya sa ta saɓa da iyaye da dama da ke dogaro da ɗan abin da 'ya'yansu ke samowa a masaƙa.

Dokar ilimi ta 1902 ta rushe hukumomin makarantu, ta miƙa aikinsu ga majalisun birane da na gundumomi. A lokacin mata ba su da ikon tsayawa takarar waɗannan majalisu, sai a 1907 aka ba su. Margaret ta rasa kujerarta, ta koma Landan wurin Rachel, wadda a lokacin ta yi karatun duba-gari tana kuma zagayawa tana koyar da tsafta a gundumar Kent.

Ciyarwa da duba lafiyar 'yan makaranta

Yaƙin da Birtaniya ta yi da Turawan Boer a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya tona halin da talakawan birane ke ciki, domin an ƙi ɗaukar samari da yawa aikin soja saboda raunin jiki. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, wanda ya fitar da rahoto a 1904. Wannan ya sa 'yan majalisa suka fara sauraren abin da Margaret da abokan gwagwarmayarta suka daɗe suna faɗa.

A 1906 majalisar dokoki ta amince da dokar ciyar da 'yan makaranta. Dokar ta ba ƙananan hukumomi izini su ciyar da yaran da yunwa ke hana su karatu, su kuma ƙara harajin gidaje da bai wuce rabin kwabo a kowace fam ba domin wannan aiki. Ɗan majalisar Bradford, Fred Jowett, na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan batun, kuma Bradford ta kasance a sahun gaba wajen fara ciyarwar a 1907. A wannan shekarar aka yi wata dokar da ta wajabta duba lafiyar 'yan firamare.

Margaret ta lura cewa dokar ta ce a duba yaro, amma ba ta tanadi magani ba. Iyayen da ba su da kuɗin likita kan karɓi takardar sakamakon bincike su ajiye kawai. Da tallafin wani attajiri Ba'amurke mai masana'antar sabulu, Joseph Fels, 'yan'uwan biyu suka buɗe asibitin 'yan makaranta a unguwar Bow ta gabashin Landan a 1908. A 1910 suka mai da aikin Deptford, unguwar talakawa a bakin kogin Thames, inda asibitin ke duba dubban yara a shekara, musamman masu ciwon haƙori da ido da kunne da maƙogwaro.

Daga asibiti zuwa makarantar reno

A Deptford wata matsalar ta bayyana. Yaron da aka yi wa magani yakan dawo bayan 'yan makonni da ciwon da ya kawo shi tun farko, saboda ya koma ɗaki guda mai cunkoso da danshi inda iyali gaba ɗaya ke kwana. A 1911 suka fara sansanin kwana. 'Yan mata na kwana a lambun wani gida da aka ba su aro, samari kuma a filin da ke jikin cocin St Nicholas. Yaran kan zo da yamma, su yi wanka, su ci abinci, su kwana a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Ganin yadda jikinsu ke murmurewa ya ƙara wa Margaret tabbacin cewa yawancin cututtukan na muhalli ne, kuma ana iya tare su tun yaro yana ƙarami.

A wancan lokaci babu wani tanadi na hukuma ga yaran da ba su kai shekara biyar ba. A wajajen 1900, fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan shekara uku zuwa biyar suna zaune a azuzuwan firamare. Wani rahoton sufetoci mata na 1905 ya nuna cewa zaman benci da haddar dole na cutar da su, sai aka ba hukumomi izinin daina karɓarsu. Ba a kuwa samar musu wani wuri ba. Uwar da ke fita aiki takan bar ɗanta wurin maƙwabciya ko wata tsohuwa da ke karɓar 'yan kwabbai, ko wurin yayarsa wadda ita ma yarinya ce, ko kuma a bakin titi.

A 1914 Margaret da Rachel suka buɗe makarantar reno a wani fili da Majalisar Gundumar Landan ta ba su a Deptford. Maimakon azuzuwa masu bango huɗu, sai aka gina rumfuna masu buɗaɗɗen gefe guda da ke fuskantar lambu. A lambun akwai itatuwa da furanni da ganyayen miya da wurin wasa da yashi da abubuwan hawa. Makarantar na buɗewa tun safe har yamma domin ta dace da lokacin aikin iyaye mata. Ana yi wa yara wanka, a ba su abinci, su yi barcin rana, sauran lokacin kuma su yi wasa da waƙa da sauraren tatsuniya da koyon magana. Margaret ta karanci ayyukan Friedrich Froebel na Jamus da Édouard Séguin na Faransa, ta kuma ɗauki ra'ayinsu cewa ƙaramin yaro ta hanyar gaɓoɓinsa da motsin jikinsa yake koyo. Ta so iyaye mata su riƙa shigowa suna ganin abin da ake yi, kada makarantar ta zama baƙuwa a unguwa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, mata da yawa sun shiga aikin masana'antun makamai. Gwamnati ta riƙa biyan makarantar wani abu a kan kowane ɗan ma'aikaciyar makamai da ta karɓa. Rachel ce ke riƙe da aikin yau da kullum, har da wankan yara a lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Ta rasu ranar 25 ga watan Maris, 1917, ranar da ta cika shekara 58. Margaret ta sa wa makarantar sunanta.

Dokar 1918 da abin da ya biyo baya

Dokar ilimi ta 1918, wadda ministan ilimi H. A. L. Fisher ya gabatar, ta ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 14, ta kuma kawo ƙarshen tsarin rabin yini. Ta ba ƙananan hukumomi ikon buɗe makarantun nazare ko tallafa musu, domin yaran da suka haura shekara biyu amma ba su kai biyar ba. Wannan ne karo na farko da dokar ƙasa ta amince a kashe kuɗin jama'a a kan irin waɗannan makarantu, kuma makarantar Deptford na cikin waɗanda suka samu tallafi.

Dokar dai izini ta bayar, ba ta wajabta ba. Da tattalin arziki ya taɓarɓare bayan yaƙi, gwamnati ta zaftare kuɗin da take kashewa a 1922 bisa shawarar kwamitin Eric Geddes, kuma ilimi na cikin ɓangarorin da abin ya shafa. Hukumomi ƙalilan ne suka buɗe makarantun nazare a shekarun 1920. Margaret ta shafe sauran rayuwarta tana neman a cike wannan giɓi.

A 1919 ta wallafa littafinta The Nursery School, inda ta bayyana tsarin Deptford dalla-dalla. A shekarar aka zaɓe ta a Majalisar Gundumar Landan mai wakiltar Deptford, ta yi zango ɗaya zuwa 1922. Sarauniya Mary ta buɗe sabon ɓangaren makarantar a 1921. A 1923 aka kafa Ƙungiyar Makarantun Nazare, Margaret ta zama shugabarta ta farko.

Ba kowa ya yarda da ita a kan komai ba, ko a cikin ƙungiyar. Ita ta fi son manyan makarantu masu zaman kansu a sararin Allah, masu ɗaukar yara ɗaruruwa tsawon yini, domin a ganinta ta haka ne kuɗin kowane yaro zai yi sauƙin da hukuma za ta iya ɗauka. Wasu kuwa, irin su Grace Owen ta Manchester, sun fi karkata ga ƙananan makarantu, sun kuma yarda a buɗe ajin nazare a jikin firamare. Margaret na ganin irin wannan aji arha ce kawai, ba zai samar da wanka da abinci da lambu ba. Saɓanin ya kai ta ga ajiye shugabancin ƙungiyar a 1929.

Abu na ƙarshe da ta sa a gaba shi ne horar da malamai. Ta dage cewa kula da ɗan shekara biyu ko uku aiki ne da ke buƙatar ilimi kamar koyar da manyan yara. 'Yar majalisa Nancy Astor, wadda jam'iyyarsu ba ɗaya ba, ta taimaka mata wajen tara kuɗi. A watan Mayun 1930 Sarauniya Mary ta buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Rachel McMillan a Deptford.

Rubuce-rubuce

Baya ga maƙaloli masu yawa a jaridu, Margaret ta rubuta littattafai da suka haɗa da Early Childhood a 1900, da Education Through the Imagination a 1904, da The Camp School a 1917. A 1927 ta fitar da tarihin rayuwar Rachel. Masana tarihi na baya, ciki har da Carolyn Steedman wadda ta yi nazarin rayuwarta a 1990, sun nuna cewa a wannan littafi ta jingina wa yayarta abubuwa da dama da ita kanta ta jagoranta.

Rasuwa

Margaret ba ta yi aure ba, haka ma Rachel. Gwamnatin Birtaniya ta ba ta lambar girma ta CBE a 1917, da lambar CH a 1930. Ta rasu a ƙarshen watan Maris na 1931 a Harrow, tana da shekara 70. An binne ta a makabartar Brockley, inda aka binne Rachel.

Abin da ta bari

Buƙatarta ta a ba kowane ƙaramin yaro gurbi kyauta ta daɗe ba ta tabbata ba. Rahoton Hadow na 1933 ya yaba wa makarantun nazare, dokar ilimi ta 1944 ta umarci hukumomi su lura da buƙatar 'yan ƙasa da shekara biyar, a 1972 kuma Margaret Thatcher, tana ministar ilimi, ta yi alkawarin faɗaɗa su. Kowane karo ƙarancin kuɗi ya tsayar da aikin. A tsawon waɗannan shekaru iyaye masu aiki sun ci gaba da dogaro da mata masu renon 'ya'yan wasu a gidajensu. Wata doka ta 1948 ce ta fara wajabta wa irin waɗannan masu reno yin rajista, daga 2001 kuma hukumar Ofsted ta karɓi aikin rajistarsu da duba su a Ingila.

A 1998 gwamnati ta ba kowane ɗan shekara huɗu a Ingila gurbin karatun farko kyauta na 'yan sa'o'i a mako, a 2004 aka haɗa da 'yan shekara uku. Tun 2010 gurbin ya zama sa'a 15 a mako na tsawon mako 38, wato sa'a 570 a shekara. A 2013 aka fara ba 'yan shekara biyu daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, a 2017 kuma aka ninka sa'o'in zuwa 30 ga 'yan shekara uku da huɗu da iyayensu ke aiki. Ba a makarantun nazare kaɗai ake samun waɗannan gurabe ba. Mai reno a gida da ta yi rajista, take kuma bin manhajar shekarun farko ta ƙasa, tana iya karɓar yara a ƙarƙashin tsarin, ƙaramar hukuma ta biya ta kuɗin sa'o'in. Tsarin ya bambanta da na Margaret, domin kuɗin gwamnati na sa'o'in reno da koyarwa ne, bai ƙunshi abinci ba, alhali ita ta ɗauki ciyarwa a matsayin ginshiƙin aikin.

Makarantar Rachel McMillan tana nan tana aiki a Deptford, da rumfunanta da lambunta. A unguwar akwai wurin shaƙatawa mai sunan Margaret McMillan. A Bradford an buɗe kwalejin horar da malamai da sunanta a 1952, a Bromley kuma an manna allon tunawa a jikin gidan da ita da Rachel suka taɓa zama.